Tazargade da Aikin Sauya Ƙwayoyin Gado: Yadda Ake Sa Tsiro Ya Ƙara Yawan Maganin da ke Cikinsa

Idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da babban mutum, aka rubuta masa maganin nan mai ƙwaya 24 da ake sha cikin kwana uku, abin da ke shiga jikinsa na sinadarin atemita miligiram 480 ne, wato bai cika rabin giram ba. Wannan ɗan ƙanƙanin abu asalinsa ganye ne, domin ana sarrafa shi daga sinadarin atemisinin, shi kuma ana tatso shi daga wani tsiro da masana ke kira Artemisia annua, ɗan gidan su tazargade, wanda a nan shi ma za a riƙa kiransa tazargade. Rabin giram ba komai ba ne a ido, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an samu kamuwa da wannan zazzaɓi har sau miliyan 249 a shekarar 2022, mutum kimanin 608,000 suka rasu, kuma Nijeriya kaɗai ta ɗauki kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da kashi 31 cikin 100 na mace-macen. Da an ninka rabin giram da waɗannan miliyoyi, sai lissafi ya koma na tan-tan, kuma kowane tan sai an shuka shi, an girbe, an shanya, sannan an tatsa.

Tsiron kuwa marowaci ne. A irin da ke tofowa a daji, atemisinin yakan kama daga kashi 0.01 zuwa kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin busasshen ganye. Ko da an dace da iri mai kashi 1, tan guda na busasshen ganye kilo goma kacal ke cikinsa, kuma ba dukansa ake iya fitarwa wajen tatsa ba. Wannan rowa ita ce ta sa masana suka shafe shekaru fiye da ashirin suna neman hanyar da za su sa tsiron ya buɗe hannu, kuma labarinsa shi ne mafi cikar misali da ake da shi kan abin da sauya ƙwayoyin gado zai iya yi wa tsirran magani da abin da ba zai iya ba.

Tarihin maganin a taƙaice shi ne, a ranar 23 ga Mayu 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin bincike na sirri domin neman sabon maganin zazzaɓi, saboda kulorokwin ya soma gazawa a fagen yaƙin Biyetnam. Wata masaniyar haɗa magunguna mai suna Tu Youyou ta ci karo da bayanin wani likita na ƙarni na huɗu, Ge Hong, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ce a dafa ba. Daga nan ta fahimci cewa zafi ne ke lalata sinadarin, sai ta koma tatsa da ƙarancin zafi, ta kuwa yi nasara a 1971. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Nijeriya ta ajiye kulorokwin ta koma ga magungunan haɗi masu atemisinin a 2005, bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ƙasashe da yawa sun yi haka a kusan lokaci ɗaya.

Wannan komawa ta bai-ɗaya ita ce ta hargitsa kasuwa. Tsakanin 2005 da 2008 farashin kilo ɗaya na atemisinin ya yi ta lilo tsakanin dala 120 da dala 1,200. Duk manomin da ya san labarin tumatir ko albasa ya san yadda abin ke faruwa. Kaya sun yi tsada bana, kowa ya ruga ya shuka, baɗi su yi kwantai, manomi ya yi fushi ya koma wa masara, shekara mai zuwa a neme su a rasa. Bambancin shi ne tazargade yakan yi watanni a gona, kuma daga ranar shuka zuwa ranar da ƙwayar magani za ta fito daga masana'anta ana haura shekara guda, saboda haka idan aka yi kuskuren lissafi ba a iya gyarawa cikin gaggawa. Manoman da ke wannan noma a Sin da Biyetnam da Madagaska da Kenya da Tanzaniya da Yuganda, yawancinsu masu ƙananan gonaki, su ne ke fara shan wuyar wannan lilo.

Kafin a fahimci abin da masana ke taɓawa a jikin tsiron, sai an san yadda shi kansa yake haɗa maganin. Kowane tantani na tsiro, wato ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan halittar da suka haɗu suka zama jikinsa, yana ɗauke da DNA, wadda a cikinta aka rubuta umarnin gina jiki da gudanar da shi, kuma kowane yanki na umarnin shi ake kira ƙwayar gado. Yawancin ƙwayoyin gado umarni ne na ƙera furotin, daga cikinsu akwai ma'aikatan da ake kira enzayim, waɗanda kowannensu aikinsa shi ne ya karɓi wani sinadari ya sauya masa siffa kaɗan ya miƙa wa na gaba. Tsiro ba ya haɗa atemisinin a tashi ɗaya. Yana farawa ne daga sukarin da ya samu ta hasken rana, ya bi matakai da dama har ya kai ga wani sinadari da ake taƙaita sunansa da FPP. Daga nan enzayim mai suna ADS ya mayar da shi amofadayin, wani mai suna CYP71AV1 ya ci gaba da sarrafa shi, DBR2 da ALDH1 su ɗora nasu, har a kai ga wani asid da shi ne matakin ƙarshe kafin atemisinin.

Mafi sauƙin hanyar gane wannan ita ce a dubi noman rani. Ruwa yana fitowa daga madatsa ta babbar magudana, ya iso wata mararraba, daga nan ya rarrabu zuwa gonaki daban-daban. FPP shi ne ruwan da ke mararraba, kuma ba gonar atemisinin kaɗai ke jiransa ba. Akwai magudanar da ke kai shi wajen haɗa sikwalin, wanda tsiro ke gina siririyar fatar tantaninsa da wasu sinadaran girma da abin da ke fitowa daga gare shi, akwai kuma waɗanda ke kai shi ga sinadaran ƙamshin nan da ke tashi idan aka murza ganyen. Mai son gonarsa ta sha ruwa sosai yana iya buɗe ƙofar madatsa ya ƙara ruwan tun daga sama, yana iya yashe magudanar gonarsa ta ƙara faɗi, yana kuma iya toshe ta maƙwabta. Duka ukun an gwada su a jikin tazargade. Ƙofar madatsar ita ce enzayim mai suna HMGR, wanda saurinsa ke ƙayyade yawan abin da ke gangarowa. Yashe magudana shi ne ƙara yawan ADS ko DBR2. Toshe ta maƙwabta kuma shi ne rage ƙarfin ƙwayar gadon da ke haɗa sikwalin, kuma a 2009 wata tawagar masana a Sin ta yi hakan, atemisinin ya ninka kusan sau uku a wasu daga cikin tsirran da ta gwada.

Akwai hanya ta huɗu da ta fi waɗannan dabara. A cikin tantani akwai wasu furotin da ba su haɗa komai da kansu, aikinsu shi ne su kunna ko su kashe ƙwayoyin gado da yawa a lokaci ɗaya, kamar sarkin ruwa da ke ba da umarnin a buɗe ƙofofi. Tsiro yana amfani da su idan ƙwaro ya ciji ganyensa, sai ya saki wani sinadarin gargaɗi mai suna jasmonet, su kuma su tayar da duk masana'antar kariya. Idan aka gano irin wannan shugaba aka ƙara masa ƙarfi, ana iya ɗaga matakai da dama da taɓawa ɗaya. Haɗarinsa shi ne yakan tayar har da abin da ba a nema ba.

Ita kuwa shigar da ƙwayar gadon, ba allura ake yi wa tsiro ba kamar yadda wasu ke zato. Akwai wata bakteriya da ke zaune a ƙasa mai suna Agrobacterium, wadda tun fil azal sana'arta ita ce ta cusa wani yanki na DNA ɗinta cikin tantanin tsiro, ta sa shi ya yi ƙari yana ciyar da ita. Masana sun cire ɓangaren da ke jawo ƙarin, suka sa ƙwayar gadon da suke so a gurbinsa, suka bar bakteriyar ta yi dakon. Ana yanka ganye ƙanana a jiƙa su a ruwan bakteriyar, a jera su a faranti mai abinci na musamman, a zaɓi tantanin da suka karɓi saƙon, a yi renonsu har su yi saiwa da ganye su zama cikakken tsiro. An fara samun nasarar wannan a 1983 a jikin taba. A 2015 kuma aka gano cewa dankalin Hausa da muke ci yana ɗauke da DNA ta wannan bakteriya a jikinsa, wadda ta shiga cikin kakanninsa tun kafin a san wani abu wai shi ɗakin gwaje-gwaje. Daga 2012 aka samu wata fasahar mai suna CRISPR, wadda ke yanke DNA a daidai wurin da aka nufa, ta yadda za a iya kashe wata ƙwayar gado ko a gyara ta ba tare da an bar baƙon abu a jikin tsiron ba.

Babban ci gaban da aka samu a kan tazargade ya zo ne a 2018, lokacin da tawagar Tang Kexuan ta Jami'ar Shanghai Jiao Tong ta wallafa cikakkiyar taswirar DNA ta Artemisia annua, inda ta ƙirga ƙwayoyin gado fiye da 63,000. Da wannan taswira a hannu suka ƙara ƙarfin guda uku a lokaci ɗaya, wato HMGR a can sama, da FPS mai haɗa FPP a tsakiya, da DBR2 a ƙasa, sai suka samu tsirran da atemisinin ɗinsu ya kai kashi 3.2 cikin 100 na busasshen ganye. Abin lura a nan shi ne, ƙoƙarin da aka riƙa yi a baya na taɓa mataki ɗaya bai cika haifar da abin kirki ba, domin idan aka ƙara ruwa daga sama alhali magudanar ƙasa tana nan da ƙuncinta, ambaliya kawai za a samu.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da an ninka sau uku, me ya hana a ninka sau goma? A nan ne gizo ke saƙa. Atemisinin guba ne ga tsirrai, har da shi kansa mai haɗa shi, domin yana hana iri tsira da saiwa girma. Shi ya sa tazargade ba ya haɗa shi a ko'ina cikin ganye, sai a wasu ƙananan ƙuraje da ke saman ganye da fure, kowannensu tantani goma ne kacal da wata 'yar jaka a bisansu inda ake tara sinadarin nesa da sauran jiki. An taɓa samun wani nau'in tsiron da ba shi da waɗannan ƙuraje, aka bincika aka tarar babu atemisinin a cikinsa ko kaɗan. Ke nan girman rumbun ajiya shi ma iyaka ne, kuma wannan ya sa wasu masana suka karkata ga ƙara yawan ƙurajen a kan ganye. Sannan matakin ƙarshe, wato juyawar asid ɗin nan zuwa atemisinin, hasken rana da iskar oksijin ne ke yin sa a cikin jakar, wanda ya sa yadda aka shanya ganye bayan girbi yake da tasiri a kan abin da za a samu. Toshe magudanar sikwalin ma yana da haddi, domin idan aka toshe ta gaba ɗaya tsiron zai tsumbure ko ya mutu, kuma ba a ci ribar komai ba idan kashi ya hau amma ganyen ya ragu.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina shi ne abin da rahotannin jaridu suka fi tsallakewa. Abin da ke damun manomi da mai masana'anta shi ne kilo nawa na atemisinin hekta ɗaya za ta bayar, kuma wannan ya dogara ne da yawan ganye da yawan sinadari a haɗe. Adadin da aka samu a tsirrai 'yan ƙalilan da aka rena a rumfar gilashi, ana ba su ruwa da taki a kan ƙa'ida, ba lalle ne ya maimaitu a gonar da ke fama da fari da ƙwari ba. Ga kuma halin tsiron na ƙin barbarar kansa, sai da ƙurar furen wani, wanda ke sa 'ya'yansa su riƙa bambanta da uwa, ya kuma sa kiyaye hali ɗaya daga shuka zuwa shuka ya yi wuya. Haka nan tsiro ne da ke yin fure idan yini ya gajarta, saboda haka idan aka kawo irin Sin yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya, inda yini bai cika tsawo ba, yakan yi fure tun yana ƙarami kafin ya tara ganye. Sai da aka yi auren iri na musamman, irin wanda cibiyar Mediplant ta Suwizalan ta fitar mai suna Artemis, kafin nomansa ya kankama a gabashin Afirka.

Wasu tsirran sun fi tazargade sauƙin kai, wasu kuma sun fi shi taurin kai nesa ba kusa ba. Dangin zaƙami suna haɗa sinadarai biyu, hayosayamin da sikofolamin, waɗanda su ne ke gusar da hankalin wanda ya sha zaƙami, amma idan aka tace aka auna su magani ne. Daga sikofolamin ake sarrafa Buscopan da ake sha domin murɗawar ciki, kuma ya fi ɗan'uwansa daraja a kasuwa. Enzayim ɗaya ne tak, mai suna H6H, ke juya hayosayamin ya koma sikofolamin. A 1992 masana a Jami'ar Kyoto ta Japan, ciki har da Takashi Hashimoto da Yasuyuki Yamada, suka ɗauko ƙwayar gadon wannan enzayim daga wani tsiro suka sa a cikin wani tsiron mai suna beladona, wanda a al'adarsa hayosayamin yake tarawa, sai kusan duk abin da ke cikin ganyensa ya koma sikofolamin. Taɓawa ɗaya ta wadatar saboda kayan aikin suna nan jibge, mataki ɗaya kawai ya rage.

Kishiyar wannan ita ce furen Madagaska mai suna Catharanthus roseus, wanda ake shukawa domin ado a harabar ofisoshi da gidaje a garuruwanmu, mai fure fari ko ruwan hoda. Daga ganyensa ake samun binkiristin da binbilastin, magungunan sankarar jini ta yara da sankarar Burkitt da ta fi yawa a yankunan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro. Ana buƙatar busasshen ganye kimanin kilo 500 kafin a sami giram ɗaya na binbilastin, binkiristin kuwa sai kusan tan biyu. Matakan haɗa su sun kai talatin, kuma ba a tantani iri ɗaya ake yin su ba, ana fara aikin a wani nau'in tantani, a kai wani a ci gaba, a kammala a wani. Sai a 2018 tawagar Sarah O'Connor ta Cibiyar John Innes da ke Ingila ta gano enzayim na ƙarshe da suka ɓace a lissafin. A irin wannan tsiro ƙara ƙarfin mataki ɗaya ko biyu yakan tara kaya ne a tsakiyar hanya, maganin da ake nema bai ƙaru ba.

Wahalhalun nan ne suka sa wasu suka yanke shawarar a bar tsiron da halinsa, a kwashe masana'antar gaba ɗaya a kai wani jiki da ya fi sauƙin sarrafawa. A 2016 tawagar Ralph Bock ta Cibiyar Max Planck da ke Jamus ta dasa hanyar haɗa asid ɗin atemisinin a cikin taba, saboda taba tana saurin girma tana kuma ba da ganye mai yawa, aka samu miligiram 120 a kowane kilo na ganye. Amma wanda ya fi kowa nisa a wannan tafarki shi ne Jay Keasling na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya zaɓi yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba aikin dala miliyan 42.6 a 2004. A 2006 yis ɗin yana ba da asid kimanin miligiram 100 a kowace lita, zuwa 2013 ya kai giram 25. A watan Afrilu na wannan shekara kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Garessio ta Italiya, inda ake haska wa asid ɗin fitila domin a kwaikwayi abin da rana ke yi a ganye, da burin fitar da tan 50 zuwa 60 a shekara.

Ta fuskar kimiyya wannan nasara ce babba, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kilo ɗaya na atemisinin ɗin yis ya riƙa cin dala 350 zuwa 400, alhali a daidai lokacin manoma sun yi girbi mai yawa, na gona ya faɗo ƙasa da dala 250. Ga shi kuma sauran kamfanonin haɗa magani ba su yi marmarin sayen kayan aiki daga hannun abokin gasarsu ba. A 2015 masana'antar ba ta fitar da komai ba, a 2016 aka sayar da ita ga kamfanin Huvepharma na Bulgeriya. Wannan bai kashe fasahar ba, domin a 2020 tawagar Christina Smolke ta Jami'ar Stanford ta samar da yis mai haɗa sikofolamin, a 2022 kuma tawagar Keasling ta yi wa yis gyara 56 har ya haɗa sinadarai biyun da ake ɗaura wa aure su zama binbilastin. Ga maganin da giram ɗinsa ke cin rabin tan na ganye, tukunyar yis tana da dama mai kyau. Ga maganin talakawa da ake sayarwa da arha, gona ta fi ta sauƙin kuɗi.

A gefe guda kuma akwai waɗanda suka ƙi taɓa ƙwayar gado da gangan. Cibiyar nazarin sababbin amfanin gona ta Jami'ar York, ƙarƙashin Dianna Bowles da Ian Graham, ita ma da tallafin gidauniyar Gates, ta wallafa taswirar gadon tsiron a 2010, amma ta yi amfani da ita ne wajen zaɓen iyayen da za a aurar. Maimakon a jira tsiro ya girma a auna ganyensa, sai a duba DNA ɗinsa tun yana ɗan tsiro a san ko yana ɗauke da halayen da ake so. Irin da suka fitar, Hyb8001r, yana ba da kusan kashi 1.4 cikin 100 tare da ganye mai yawa, kuma kamfanin East-West Seed ya ɗauki nauyin yaɗa shi. Kashi 1.4 bai kai rabin 3.2 ba, amma iri ne da manomi zai iya shukawa ba tare da jiran izinin wata hukuma ta musamman ba, kuma har yanzu mafi yawan atemisinin da ke kasuwannin duniya daga gonakin da aka shuka irin aure yake fitowa.

Maganar izini ba ƙarama ba ce. Yarjejeniyar Cartagena, wadda ta fara aiki a 2003, ta ba kowace ƙasa ikon tantance duk wata halitta da aka sauya wa ƙwayar gado kafin ta shigo mata. A Nijeriya wannan aiki yana hannun hukumar NBMA da aka kafa a 2015, kuma a ƙarƙashin wannan tsari ne aka saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, da masarar TELA a 2024, waɗanda har gobe ana muhawara a kansu. Tsiron magani ya bambanta da su ta fuska biyu masu karo da juna. Ta ɗaya, ba cin tsiron ake yi ba, sinadari ake tacewa daga cikinsa, kuma atemisinin tsantsa abu ɗaya ne ko daga daji ya fito ko daga tukunyar yis, don haka fargabar da ake yi kan abinci ba ta da muhalli sosai a nan. Ta ɗaya fuskar kuma, tsiron da aka ƙara wa sinadari mai ƙarfi ya fi buƙatar a tsare shi, musamman mai watsa ƙurar fure a iska kamar tazargade, kuma dasa hanyar haɗa magani a cikin abin da ake ci, kamar latas ko tumatir, yana da haɗarin cuɗanya da abinci. Sai kuma tambayar wanda zai mallaki irin, da rabon da ya kamata ya koma ga al'ummar da aka samo tsiron da iliminsa daga gare ta, wadda Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta yi ƙoƙarin amsawa.

Akwai wata rashin fahimta da ya kamata a kawar, domin tun lokacin annobar korona, sa'ad da shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito da wani tsimi na Artemisia a watan Afrilun 2020, sunan tazargade ya ƙara yaɗuwa a bakin mutane. Manufar duk binciken da aka bayyana a sama ita ce a samar wa masana'anta kayan tatsa mai arha, domin a haɗa ƙwayar da aka auna nauyinta aka kuma gama ta da wani magani na biyu. Sunan tazargade a kasuwanninmu yana hawa kan tsirrai fiye da ɗaya na wannan dangi, wasunsu kuwa atemisinin ɗin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ko a Artemisia annua ɗin kansa adadin yana sauyawa bisa iri da ƙasa da lokacin girbi da yadda aka adana. Mai jiƙa ganye ya sha bai san nawa ya sha ba. Atemisinin kuma ba ya daɗewa a jini, cikin sa'o'i kaɗan yake fita, shi ya sa ake haɗa shi da magani mai daɗewa irin lumefantirin domin ya ƙarasa ragowar ƙwayoyin cutar. Saboda waɗannan dalilai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada a 2019 cewa ba ta goyon bayan amfani da ganyen ko shayinsa wajen magance zazzaɓin cizon sauro ko rigakafinsa.

Abin da ake gudu shi ne ƙwayar cutar ta saba da maganin, kamar yadda ta yi wa kulorokwin. An fara ganin alamun haka a yammacin Kambodiya wajen 2008, inda maganin ke ɗaukar lokaci fiye da na da kafin ya share ƙwayoyin cutar daga jini, a 2014 kuma aka gano cewa sauyi ne a wata ƙwayar gadon cutar mai suna kelch13 ke jawo hakan. A 2020 aka tabbatar da irin wannan sauyi a Ruwanda, kuma bincike ya nuna cewa a can ya ɓulla da kansa, ba daga Asiya aka kawo shi ba. Daga baya an same shi a Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na musamman domin Afirka a watan Nuwamban 2022. Magungunan haɗin suna aiki har yanzu a mafi yawan wurare, domin abokin haɗin yana rufe gibin da atemisinin ya bari, kuma ana gwada haɗa magunguna uku a ƙwaya ɗaya domin a ƙara wa ƙwayar cutar wahalar tserewa.